Cokali Ɗaya Daga Gidan Tsiala

A Telavi, kwana tara bayan mun binne kaka Mzia,
na buɗe firji na tarar da kwalbarta ta yi gemu,
kore-kore, har murfin ya kumbura.
Shekara sittin tana ɗibar cokali ɗaya daga kindirmon jiya
ta zuba wa madarar yau.
Ni kwana tara suka ishe ni na kashe shi.

Mu nan Jojiya matsoni muke ce wa kindirmon,
cokalin irin kuwa dedo,
kalmar da ke zaune dab da uwa.
Na wanke kwalbar ban gaya wa kowa ba.

Ranar arba'in ta matso, za a cika mana tebur.
Na ce to, ko mayonis ɗinta in yi,
wanda take shafe dankali da shi duk sabuwar shekara.
Gwaiduwa biyu, gishiri, ɗan mustad a bakin wuƙa,
kwalbar mai a hannun hagu, maburgi a dama.
Hannuna ya riga hankalina,
na tuttula mai kamar mai bin bashi.
Ya tsinke.
Mai ya ja gefe, ƙwai ya ja gefe,
kamar 'yan gida ɗaya a gaban alƙali.

Ina tsaye da kwanon a bakin bola
muryarta ta taɓo ni ta ƙeya:
Ketino, ba a zubar da abin da ya tsinke.
Fasa sabon ƙwai a kwano mai tsabta,
ki riƙa ba shi ɓataccen kaɗan-kaɗan,
ɗigo, ki buga, ɗigo, ki buga,
kada ki kalli agogo.

Na bi. Kafaɗa ta ƙage, maburgi na ta ƙarar kwano.
Can sai ya yi nauyi,
ya yi fari, ya kama jikinsa,
na tsayar da cokali a tsaka, ya tsaya.

Da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofar baya.
Tsiala ce, ta tsallaken shinge,
wadda ita da kaka suka shekara goma sha ɗaya ba ko sannu
a kan reshen itacen gyaɗar dutse da ya leƙa gonarta.
Ba ta shigo ba.
Ta miƙo ƙaramin kofi rufe da tsumma,
idonta na kan takalmina.

Naku ne, ta ce.
Ita ta ba ni, shekarar da na zo garin nan amarya,
ban san ko tafasa madara ba.
Duk faɗan nan da muka yi
kullum da safe abincinta nake ci.
Ta juya, ta dawo taki biyu:
Ki sa ɗan yatsa a madarar, ki ƙirga goma.
In kin kasa kaiwa goma, jira.
In kin wuce goma ba ki ji komai ba, kin makara.

Na dafa, na jira, na ƙirga.
A bakwai na zare hannu, na sake jira.
Na zuba cokalin, na rufe kwalba,
na naɗe ta cikin tsohuwar rigar sanyin kaka
mai warin hayaƙin murhu,
na ajiye kusurwar da ba a taka wa.
Ba a leƙawa, ba a girgizawa.
Daren nan har tari na riƙa dannewa.

Asuba na warware rigar.
Na karkata kwalba, bai motsa ba.
Na yanka da cokali, wurin ya zauna rami,
ɗan ruwa ya taru a ciki.
Tsamin ya fi na kaka kaifi kaɗan,
shekara arba'in a wani gida dole ya ɗauko halinsu.

Na ci rabi a tsaye.
Kafin in manta, na cire cokalin gobe.